Tsakanin Dharavi da Gidan Ambani

Yawancinmu a Katsina ta finafinai muka san Indiya, shi ya sa har yau dattawa ke cewa Bombai, ko da yake tun 1995 aka mayar da sunan birnin Mumbai. Rakiyar yayana neman magani ce ta kai ni can, kuma tun jirgi bai sauka ba na hango dubban rumfuna da aka lulluɓe da shuɗiyar leda saboda ruwan damina, sun matsu har jikin katangar filin jirgi, ga dogayen benaye na gilashi tsaye a bayansu.

Mumbai ce cibiyar dukiyar Indiya, domin a nan babban bankin ƙasar yake da manyan kasuwannin hannun jari, amma ƙidayar 2011 ta nuna cewa cikin mutum fiye da miliyan 12 da ke birnin, kusan kashi 42 cikin ɗari a unguwannin marasa galihu suke kwana. Asalin garin tsibirai 7 ne da aka cike tsakaninsu da ƙasa, teku ya tare shi ta yawancin ɓangarori, ga jama'a na ta kwararowa neman abinci daga ƙauyukan jihohin Maharashtra da Uttar Pradesh da Bihar. Saboda haka babu abin da ya kai wurin kwana tsada a birnin.

A Dharavi, ɗaya daga cikin manyan unguwannin marasa galihu na birnin, na gane nauyin wannan magana. Faɗin unguwar bai wuce murabba'in kilomita 2 da ɗoriya ba, amma wasu ƙiyasce-ƙiyasce na kai mazaunanta kusan miliyan guda. Akwai lungunan da sai mutum ya karkace kafin ya wuce ɗan'uwansa, wayoyin lantarki na reto a kansa, kwata na gudana a ƙarƙashin ƙafarsa. Duk da haka da wuya ka ga hannun da yake zaune. Na tsaya a bakin wani ɗaki inda samari ke durƙushe cikin tulin tsofaffin robobi suna ware su launi-launi, injin niƙa na ruri a gefe, tabarminsu kuma na naɗe a kan wani katako da ke sama, alamar inda suke aikin nan suke kwana. Gaba kaɗan ga maɗinkan jakunkuna da bel na fata, sannan ga Kumbharwada, unguwar magina tukwane waɗanda kakanninsu suka zo daga Gujarat, inda aka jera ɗanyun tukwane a rana, hayaƙin gashi ya turnuƙe ko'ina. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne layin mata da yara a bakin banɗakin haya, kowa riƙe da bokitinsa. Mutumin da ya yini yana wa birni aiki bai cancanci ya bi layi kafin ya kewaya ba.

Tafiyar mota ce kaɗan daga nan zuwa titin Altamount, inda gidan attajiri Mukesh Ambani mai suna Antilia yake, bene mai hawa 27 na iyali ɗaya. Ba na ƙyashin arzikin kowa, Allah ne mai bayarwa. Sai dai a Katsina mun saba ganin ƙofar mai hali da jama'a, maƙwabta na zaune a zaure ana ciyayya, mabukaci kuma ya san ranar da ake fitar da zakka. A can masu gadi kawai na gani, masu wucewa na ɗaga kai suna ɗaukar hoto daga nesa.

A 2022 kamfanin Adani ya ci kwangilar sake gina Dharavi, da alƙawarin ba da gida kyauta ga waɗanda suka tabbatar suna zaune a unguwar tun kafin 2000. Ina musu fatan ruwa mai tsabta da banɗaki a kowane gida. Damuwata ita ce 'yan haya da leburorin da ke kwana a wurin aikinsu, waɗanda ba su da takardar da za su nuna, da kuma maginin tukwane da za a ɗora a saman bene alhali sana'arsa tana bukatar fili da yumɓu da wurin hura wuta a ƙasa.