Daren zari-ruga a wata fada ta Damagaram

Ranar Asabar, 28 ga Oktoban 2023, na bar Maradi da hantsi zuwa Damagaram, dubiyar kawuna da ya sha jinya. Damina ta ɗauke, an yanke gero, daga Agye har Gazawa dammuna ne jere a bakin gonaki. A Tasawa muka yi azahar, na sayi gyaɗa sabon cira a hannun wata yarinya. Bayan Takeita taya ta fashe, muka yi kusan awa guda a gindin wani gawo, shi ya sa sai bayan la'asar na hango duwatsun nan na Birni da suke zaune tsakanin gidaje kamar an ajiye su da hannu.

Kawu ya samu sauƙi, alhamdu lillahi. Muna gama magariba ɗansa, wanda ya yi karatu a Tuluz ta ƙasar Faransa ya dawo da son ƙwallon zari-ruga, ya ja hannuna. "Yaya, taso mu je fada, yau wasan ƙarshe na kofin duniya ne, Afirka ta Kudu da Niyu Zilan." Kowace ta ci kofin sau 3, wadda ta yi nasara a daren nan ita ce ta farko da za ta kai 4.

Fadar, wato majalisar hira ta unguwa, tana Zango, tabarmi biyu da benci, da butar shayi a kan gawayi. Babu wuta, tunda a watannin nan an yanke layin da ke zuwa daga Najeriya, don haka an yi karo-karo an sayo mai an zuba wa janareta. Za a take wasan a Faris da ƙarfe 8 na dare agogonmu, amma gardama ta riga ta yi nisa.

Abin da ya haddasa ta shi ne bencin Afirka ta Kudu. A wannan wasa mutum 15 ke shiga fili: 8 na gaba, ƙartin da ke haɗa kafaɗa su yi turereniya, da 7 na baya masu gudu da bugu. 'Yan canji 8 ne, kuma yawanci akan raba su 5 da 3. Shi kuwa mai horarwa Jacques Nienaber ya zuba ƙarti 7, ya bar na baya ɗaya tilo, Willie le Roux. Ni abin ya tsaya mini a rai, har yanzu ma ina ganin kasada ce da ta wuce kima. Mai lamba 9, Faf de Klerk, shi ne ke zaro ƙwallo daga ƙarƙashin ƙafafun ƙartin ya raba, kuma ba shi da magaji a benci. Na ce idan ya ji ciwo a minti 10, wa zai riƙe wurin? Ɗan kawuna ya ce Cheslin Kolbe, mai gudun gefe. Na ce sanin hanya daban, riƙe sitiyari daban.

Wani dattijo da ke jingine da bango, wanda aka ce mini ya yi kokawa a ƙuruciyarsa, bai taɓa kallon wasan ba sai a wannan gasar. Ya kurɓi shayi ya ce, "Ɗana, ka taɓa riƙe ƙato na minti goma? Ba hannu ke fara mutuwa ba, cinya ce. To kai ka gaji, sai a kawo maka sabon ƙato, wanda ko gumi bai yi ba." Ya miƙe, ya ɗan durƙusa, ya dafa gwiwoyinsa ya nuna mana yadda ƙafa ke rawa idan ƙarfi ya ƙare. Na ce, "Baba, da wannan tsarin Ailan ta doke su 13 da 8 a rukuni." Ɗan kawuna ya yi caraf ya tuna mini cewa da shi ɗin dai suka lallasa Niyu Zilan 35 da 7 a Landan cikin Agusta.

Kan lamba 10 na Afirka ta Kudu kuwa, mai jagorantar na baya da yawan bugu, fadar ta rabu biyu. Samari na son Manie Libbok saboda iya raba ƙwallo da wasa mai daɗin kallo. Manya suka ce Handré Pollard, wanda ƙafarsa ba ta rawa, shi ya buga bugun nesa da ya fitar da Ingila 16 da 15 mako guda kafin nan. A nan na bi manya. An ce ana ruwa a Faris, kuma ƙwallo mai santsi ba ya son ado.

Mutum ɗaya ne, mai shayin, ya tsaya wa Niyu Zilan masu baƙaƙen riguna, yana lissafa 'yan gidan Barrett uku da Ardie Savea. Sauran duk suna bayan Siya Kolisi, baƙar fata na farko da ya zama kyaftin ɗin Afirka ta Kudu, kuma ba su manta cewa su suka fitar da Faransa 29 da 28 a gidanta ba.

Da 'yan Niyu Zilan suka fara rawar yaƙinsu da ake kira "haka", dattijon nan ya matso gaban akwatin ya ce kirari ne, ya san shi. Ba a yi minti 5 da farawa ba Bongi Mbonambi, mai lamba 2, ya fita da ciwon gwiwa, Deon Fourie ya shigo. Dattijon ya waiwayo ya dube ni, bai ce komai ba. De Klerk ya buga wasan har ƙarshe, Pollard ya ci dukkan maki 12, Afirka ta Kudu ta yi nasara 12 da 11, kuma ni duk daren idona na kan lamba 9, duk faɗuwar da ya yi sai gabana ya faɗi.

Da safe na bi ta gaban fadar Sarkin Damagaram, na shiga kasuwar Dole na sayi takalman fata na tsarabar yara. A bakin tasha na ci karo da dattijon a bayan kabu-kabu. Ya sa aka tsaya, ya riƙe hannuna ya ce in gaida mutanen Maradi, in kuma dawo lokacin kokawar takobi ya nuna mini cinya a fili.