Shirwa ta sake yi mana ɓarna

Yau da hantsi shirwa ta sake sure mana ɗan tsako, a kan idona. Ina zaune gindin darbejiya ina tsince wake, sai na ji uwar ta ƙwala wani irin kuka, ƴan tsakin suka tarwatse, wasu ƙarƙashin rumbu, wasu bayan randa. Wanda ya yi nisa wajen bola shi ta ɗauka. Inuwarta kawai na ga ta gilma. Uwar ta bi ta da tsalle har bakin katanga, amma ina!

Tunda aka girbe gero aka kwashe kara, fili ya zama fetal, ba inda tsako zai laɓe. Da damina ciyawa ce ke rufa musu asiri. Inna ta ce in kife su da kwando har su yi ƙwari, in riƙa zuba musu dusa da ruwa a ciki. Maƙwabciyarmu kuwa rina nata take yi da shuɗi, wai shirwa ba ta gane su. Ni dai ban gamsu ba, idon shirwa ba na wasa ba ne. Ranar kasuwa zan sayo babban kwando, kafin nan suna kulle a akurki.