Kwana 14 na farko bayan inji ya ci hannun ma'aikaci

Ka shiga Sharaɗa ko Challawa ko Bompai, unguwannin masana'antu na Kano, da yamma, lokacin da 'yan aikin safe ke fitowa 'yan dare na shiga, ka tare mutum goma ka tambaye su me doka ta tanadar wa wanda inji ya ji wa rauni. Yawancinsu amsa ɗaya za su ba ka: kamfani zai biya kuɗin asibiti, in manaja mai tausayi ne ya ƙara maka wani abu. Haka suka taso suka gani, haka kuma ake so su ci gaba da ɗauka.

Alhali tun watan Disamba na 2010 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1987. Dokar ta wajabta wa duk mai ɗaukar ma'aikata, gwamnati ce ko ɗan kasuwa, ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya duk wata a asusun inshorar ma'aikata da hukumar gwamnati ta NSITF ke kula da shi. Daga aljihunsa zai biya, an hana shi cire ko kwabo daga albashin ma'aikaci. Na yi shekaru ina lissafin albashi a wata masana'anta kafin na koma harkar kaina, da hannuna nake fitar da wannan kaso duk ƙarshen wata. A kan mai albashin naira 80,000, naira 800 ce kacal. Amma ranar da wannan mutumin ya nakasa har ba zai sake iya aiki ba, doka ta ce a riƙa ba shi kashi 90 cikin 100 na albashinsa duk wata, wato naira 72,000. In nakasar ba ta kai haka ba, sai a auna abin da ta rage masa na samu a biya shi gwargwado. Akwai kuma magani, da hannu ko ƙafar roba ga wanda aka yanke wa. Ba sai ya tabbatar da laifin kowa ba. Ya isa a nuna cewa a dalilin aiki abin ya same shi, har da haɗarin da ya rutsa da shi a hanya tsakanin gida da wajen aiki, da cutar da sinadari ko ƙura suka jawo masa, da kurumtar da ƙarar inji ta haddasa.

Ban san zafin abin sosai ba sai da ya shigo mana gida. Ɗan yayata yana aikin dare a wani kamfanin leda. Wuta ta ɗauke, ya sa hannu yana zaro ledar da ta maƙale a bakin injin markaɗe, aka tayar da janareta ba wanda ya yi magana. Yatsu uku na hannun dama suka tafi. Kamfanin ya kai shi asibiti, ya biya kuɗin aikin da likita ya yi masa, wannan ba zan ɓoye ba. Bayan an sallamo shi sai ga mutum biyu daga ofis sun zo dubiya da ledar lemo da ayaba. Aka yi musu shimfiɗa a zaure, aka yi addu'a, sannan ɗaya ya zaro ambulan da takarda shafi ɗaya da Turanci. Da yake sun san hannun da zai riƙe biro yana naɗe da bandeji, har da 'yar tawadar dangwale suka taho, domin ya dangwala da babban yatsan hagu.

Yaron ya kira ni a waya, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Kawu, sun ce in dangwala su ba ni kuɗin, wai in na warke aikina yana nan." Na ce ya ɗauki hoton takardar ya turo min, kada ya taɓa tawadar nan sai na iso. Abin da ke ciki shi ne ya karɓi wannan kuɗi a matsayin cikakken biya, kuma shi da iyalinsa sun yafe duk wani haƙƙi har abada.

Mahaifinsa, mutumin kirki ne mai gudun rigima, ya ja ni gefe ya ce, "Malam, ƙaddara ta riga fata. Mutanen nan sun yi ƙoƙari, kada mu zama butulu." Na fahimce shi, ni ma na yi imani da ƙaddara. Amma addinin da ya koya mana yarda da ƙaddara shi ne ya yanka wa gaɓoɓin ɗan Adam diyya, har ya ce yatsa ɗaya raƙuma goma ne. Wanda ya nemi haƙƙin yatsunsa bai yi jayayya da hukuncin Allah ba. Kuma wannan kuɗi ba kyauta ba ce da za a ji kunyar tambaya. Yaro ɗan shekara ashirin da 'yan kai da hannu yake ci, da shi zai yi aure ya ciyar da iyali. Kuɗin ambulan ba zai kai shi ƙarshen shekara ba, yatsun kuwa ba za su dawo ba.

Ita dokar ta san da irin wannan takarda. Ta faɗa ƙarara cewa duk yarjejeniyar da ma'aikaci ya yi da mai kamfani ta yafe diyyarsa, ba ta da wani ƙarfi. To amma wanda ya dangwala yakan ɗauka magana ta ƙare, sai ya zauna a gida yana jinya, lokaci na tafiya. Nan ne ake cin mutane. Doka ta ba ma'aikaci, ko wani nasa, kwana 14 ya sanar da mai kamfani abin da ya faru: sunansa, rana da lokaci, wurin, da irin raunin. Shi mai kamfani kwana 7 gare shi ya kai rahoto NSITF, in mutuwa ce kuwa nan take. Takardar neman diyya ita ma dole ta shiga cikin shekara 1, sai in akwai uzuri mai ƙarfi ne ake iya ɗagawa zuwa shekara 3. Za ka ce ai manaja ya sani, a gabansa aka ɗauki yaro cikin jini. Ranar da magana ta je gaban hukuma, abin da ke rubuce ake dubawa. A rubuta sanarwar kwafi biyu, a kai ofis, a sa su buga hatimi a kan naka. In sun ƙi karɓa, a tura ta waya a ajiye shaidar turawa.

Sai maganar asibiti. Da yawa cikinmu in karaya ce wajen mai ɗori muke nufa, kuma akwai masu ɗorin da Allah ya ba su sa'a. Sai dai mai ɗori ba ya ba da takarda, diyya kuwa da rahoton likita ake auna ta. A je asibiti, a gaya wa likita a wajen aiki abin ya faru don ya shiga fayil. Katin asibiti, hoton ƙashi, rasit ɗin magani, duk a haɗa su a leda ɗaya a adana. A rubuta sunaye da lambobin abokan aikin da ke wurin tun a makon farko, domin bayan wata biyu wani an sallame shi, wani kuma tsoro ya kama shi.

Inda tamu ta cije shi ne da muka bincika sai muka tarar sunan yaron ba ya cikin jerin da kamfanin ke biya wa kaso. Ta hannun ɗan kwangila aka ɗauke shi, su kuma suka ce ba ma'aikacinsu ba ne, ɗan aikin rana ne. Wannan dabara ta cika masana'antunmu, kuma ina ganinta zalunci tsagwaronsa. Doka ba ta ware ɗan aikin rana ba. Ta ambaci na wucin gadi, da mai koyon sana'a, da wanda aka ɗauka da baki ba takarda, har da mai aikin gida in ba ɗan gidan ba ne. Abin da ya taimake mu shi ne alat ɗin banki na kuɗin da ake tura masa duk mako, da katin shiga ƙofa mai hotonsa da tambarin kamfanin.

Daga nan sai lauya. Mutanenmu na jin kalmar lauya gabansu ke faɗuwa saboda kuɗi, ba su san da Hukumar Legal Aid ba, wadda gwamnatin tarayya ta kafa tun 1976 don tsaya wa marasa hali kyauta. Dokarta ta 2011 ta ambaci ƙarar diyyar ma'aikata a cikin abin da take ɗauka, kuma wanda samunsa bai wuce mafi ƙarancin albashi ba, wanda ya koma naira 70,000 a 2024, ya cancanta. Irin wannan shari'a Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce ke da hurumin saurarenta, tana kuma zama a Kano da Kaduna. Wanda NSITF ta yanke wa hukuncin da bai gamsu da shi ba, yana da kwana 180 ya nemi ta sake dubawa, in bai samu biyan buƙata ba ya wuce kotun. Abu ɗaya da ya kamata a tambayi lauya tun farko: diyyar asusu za a bi ko ƙarar sakaci za a shigar, domin ba a cin biyun a kan rauni ɗaya. Tamu tana gaban kotu yanzu, yaron kuma yana koyon rubutu da hagu.

Wanda ya fi damuna shi ne in rai aka rasa. Doka ta ce matar da aka bari da 'ya'ya biyu ko fiye za a riƙa ba su kashi 90 cikin 100 na albashin mamacin duk wata, mai ɗa ɗaya kashi 85, yaran kuma har su kai shekara 21 ko su gama digirin farko, duk wanda ya riga zuwa. Amma kwana 14 ɗin nan suna faɗawa ne daidai lokacin zaman makoki, matar kuma ta shiga takaba ta wata huɗu da kwana goma, ba za ta yi yawon ofis-ofis ba. Saboda haka aikin na wan mamaci ne ko ƙaninsa ko waliyyin matar. Tun kafin a tashi daga zaman makoki a ware mutum ɗaya da zai karɓo takardar shaidar mutuwa daga asibiti, ya kai sanarwa kamfani a rubuce, ya je ofishin NSITF na jihar da shaidar aure da takardun haihuwar yaran, ya tabbatar da idonsa cewa an buɗe fayil da sunan marigayin.