Abin da kundina ya koya mini

Makon jiya na karɓo takardar kammala digirina na biyu, bayan ƙarin wata takwas da ban yi tsammani ba. Waɗanda muka yi sashe ɗaya sun san abin da ya faru a ranar kare kundi, amma ba su san yadda aka kai can ba.

Bincikena a kan fina-finan jami'a ne na Amurka, na zamanin da ba a fara sa murya a fim ba. Kusan duk tafiyarsu ɗaya: sabon ɗalibi, abokin hamayya, yarinyar da ake takara a kanta, sai wasan ƙarshe da ke raba gardama. A Brown of Harvard na 1926, samari biyu ne ke neman 'yar farfesa, rigimar kuma ta ƙare a filin zari-ruga irin ta Amurka tsakanin jami'o'in Harvard da Yale.

Babi na uku na gina shi kacokan a kan cewa ɗan wasan barkwanci Harold Lloyd ya kwaikwayi takwaransa Buster Keaton. Na jera hujjoji: a fim ɗin College, Keaton ɗan boko ne da ya raina wasanni, ya shiga guje-guje da tseren kwale-kwale don budurwa. A The Freshman kuwa, Lloyd ana yi masa dariya a bayan ido, yana ɗaukar wa 'yan wasa ruwa, shi yana ganin ɗan ƙungiya ne. Matsalar ita ce na Lloyd ya fito a 1925, na Keaton a 1927. Shekarar da na dogara da ita kuskure ce, na kwafe ta daga ƙarƙashin wani bidiyo a intanet, ban sake dubawa ba. Shafi talatin suka rushe da tambaya ɗaya daga mai jarrabawar da ya zo daga waje.

Laifina ne, na karɓa. Abin da har yau yake ci mini rai shi ne malamin da ke duba aikina ya sa hannu a babin sau biyu. Da na waiwaye shi a zauren, sai ya ce, “Ai na sha gaya maka ka tantance.” Wallahi bai taɓa faɗa ba. Na dai ce, “Haka ne, ranka ya daɗe,” don takardata na hannunsa.

Saboda haka duk gyaran da malami ya ba ka, ka nemi ya rubuta. Kada ka yarda da shekarar fim sai ka gan ta a wuri biyu. Ka kuma kalli fim da kiɗansa, don waɗannan fina-finan ba a cikin shiru aka nuna su ba, akwai mai kaɗa fiyano ko cikakkiyar ƙungiyar makaɗa a sinima.

Sabon babin ni kaɗai na rubuta shi, a kan Peggy, yarinyar da ta gaya wa Lloyd a The Freshman ya daina kwaikwayon abin da ba shi ba. Shi ne mai jarrabawar ya ce in gyara in aika mujalla.