Imel goma kan oda ɗaya

Talata. Tun ƙarfe 9 na safe nake fama da abu ɗaya: raba aikin tura imel da shafin karɓar oda. A yanzu mai saye sai ya zauna yana kallon allo har imel ya fita. So nake shafi ya jefa saƙo a layi ya sallami mutum, wani ɓangaren manhajar ya ɗauka daga baya ya tura.

Awa guda ta tafi a banza. Na tayar da WildFly, wato saba (server) mai gudanar da manhajar, da fayil ɗin saiti na standalone.xml kamar kullum, ina ta lalube inda zan ƙirƙiri layin. Ashe ActiveMQ Artemis, mai riƙe saƙonnin, a standalone-full.xml yake zuwa. Na sani fa, shafa'a na yi.

Na sa wa layin suna java:/jms/queue/oda, aikawa ta tafi lafiya lau. Na leƙa shafin kula da saba a tashar 9990, saƙonni sun taru har 14, mai karɓa kuwa, wato ɓangaren da zai ɗauka ya tura imel, ko gezau. Can na gano yana nan ya kasa kunne a tsohon layin gwaji. Na gyara sunan, nan take ya kwashe su.

Ina cikin murna abokin aikina ya miƙo min wayarsa. "Malam, wannan kuma na mene ne?" Imel goma, iri ɗaya sak, a adireshinsa da muke gwaji da shi.

Laifina ne. Mai karɓa yana fara tura imel, sannan ya rubuta a rumbun bayanai cewa an tura. A oda ɗaya rubutun ya ƙi, sai saba ta warware aikin duka ta mayar da saƙon layi. Rumbu ya koma yadda yake, amma imel da ya fita ai ya fita. Artemis kuwa, in ba ka taɓa saitinsa ba, sau 10 yake gwadawa, babu hutu tsakani, kafin ya jefa saƙon a DLQ, kwandon waɗanda suka gagara.

Na sa redelivery-delay, hutun da ke tsakanin gwaji da gwaji, ya zama 5000, wato daƙiƙa biyar. Wannan sassauci ne kawai. Ainihin gyaran shi ne mai karɓa ya ajiye lambar odar tukuna, in ya sake ganinta ya wuce. Ko hakan bai kwanta min sosai ba, domin in saba ta mutu tsakanin ajiyewa da turawa, mai saye ba zai ga imel ko ɗaya ba.

Ƙarfe 7 na rufe kwamfuta. Saƙon nan guda yana DLQ, ban goge shi ba, da shi zan fara gwaji gobe.