Na je Bath ganin ruwan zafi, na ɓige da zancen zari-ruga

Ranar Asabar ɗin ƙarshe kafin in baro Ingila, cikin watan Agustan 2025, ɗan yayata da ke karatu a Bristol ya matsa mini lamba sai mun haɗu a Bath. Kwas na mako uku ne ya kai ni Landan, kuma duk tsawon zaman ban leƙa ko'ina ba daga masauki sai aji. Na shiga jirgin ƙasa a tashar Paddington da hantsi. Tafiyar ba ta cika awa ɗaya da rabi ba, amma da na mayar da kuɗin tikitin zuwa naira a cikin kaina sai da na yi salati.

Daga Reading zuwa gaba birni ya ƙare, sai gonaki da tumaki da shanu masu ƙiba kamar ba su taɓa jin labarin rani ba. Da muka tunkari Bath sai ga gidaje sun hau tuddai jere-jere, duk da dutse iri ɗaya aka gina su, launinsa kamar na zuma. Yaron yana jirana a bakin tasha. Shi tafiyarsa daga Bristol kwata ɗin awa ce kawai.

"Kawu, sannu da hanya. Yau za ka ga Wikki ta Turawa."

Sunan garin ma wanka yake nufi. Rumawa ne suka gina wurin wanka a kan wata maɓuɓɓuga kusan shekara dubu biyu da suka wuce, kuma har yau ruwan yana fitowa da zafin da ya kai digiri 46, fiye da lita miliyan ɗaya kowace rana. Na taɓa shiga Wikki a Yankari, wadda ɗuminta bai wuce 31 ba, ka yi iyo son ranka. A nan kuwa babban tafkin kore ne shar, kuma an hana ko tsoma yatsa. A ƙarshen zagayen akwai famfo da ake ba mutum ya ɗanɗana. Na kurɓa sau ɗaya. Ruwan kanwa ne da aka jiƙa tsohuwar ƙusa a ciki, ga shi da ɗumi. Yaron yana ta dariya, ashe shi ya san abin da ke jirana.

Muka fito muka bi ta gadar Pulteney, wadda shaguna suka rufe ta hagu da dama har ba ka sanin a kan ruwa kake, muka gangara wasu matakala zuwa bakin kogin Avon. Ruwan yana zubowa ta wasu matakai masu siffar kofaton doki. A ɗaya gefen hanyar sai na hango dogayen sanduna farare guda biyu da guda a gicciye.

"Wannan raga ce ko me?"

"Filin zari-ruga ne, Kawu. Su ne zakarun Ingila bana." Ya faɗa yana yatsina fuska, domin shi Bristol yake goyon baya, kuma a wannan filin Bath ta fitar da su a wasan kusa da na ƙarshe da ci 34 da 20.

Ni mutumin Pillars ne. Abin da na sani game da zari-ruga bai wuce ƙattai suna rungumar ƙwallo mai siffar ƙwai suna ture juna ba. Da ba don wani dattijo da muka tarar a kan benci ba, da wucewa zan yi. Yana sanye da riga mai ratsin shuɗi da baƙi da fari wadda ta sha wanki har ta koɗe, karensa na kwance a kan takalminsa. Ya ga hulata, ya tambayi daga inda nake. Ina cewa Nijeriya sai ya matsa ya ba mu wuri, ya fara lissafo sunaye da yatsu: Victor Ubogu, haifaffen Legas, Steve Ojomoh, haifaffen Benin, Adedayo Adebayo. Dukansu sun yi wa Bath wasa a shekarun 1990, lokacin da ƙungiyar ke cin karenta babu babbaka, kuma dukansu sun sa rigar Ingila. Na ji kunya, don ko ɗaya ban taɓa jin sunansa ba.

Daga nan bakinsa ya buɗe. An kafa ƙungiyar a 1865. Ta ci gasar Ingila sau shida zuwa 1996, ta ɗauki kofin Turai a 1998, sannan aka shiga fari. A kakar 2021 zuwa 2022 su ne na ƙarshe a tebur, har maƙwabtansu Gloucester suka lakaɗa musu 64 da nema. Ya ce ranar bai iya cin abincin dare ba. A wannan halin aka ɗauko koci Johann van Graan, ɗan Afirka ta Kudu, daga ƙungiyar Munster ta ƙasar Ireland. Shekararsa ta farko suka ƙare na takwas. Ta biyu suka kai wasan ƙarshe, aka ba ɗan wasansu Beno Obano jan kati tun kafin hutun rabin lokaci, Northampton ta ci su 25 da 21. Obano ma jinin Nijeriya ne, ɗan'uwan Maro Itoje kyaftin ɗin Ingila. A ta uku suka kwashe kofi uku: ƙaramin kofin gida, da kofin Turai mai daraja ta biyu inda suka doke Lyon 37 da 12 a Cardiff, sai babban, na gasar Ingila, ranar 14 ga Yuni a filin Twickenham da ke Landan, Bath 23, Leicester 21. Shekara 29 ana jira.

A nan dattijon ya miƙe tsaye, kare ma ya tashi. Ya nuna mana yadda Finn Russell, ɗan Scotland mai riƙe wa Bath ragamar wasa, ya tare ƙwallon da 'yan Leicester suka jefa wa juna, ya zura da gudu, ga layi a gabansa babu mai tare shi, amma maimakon ya dangwara ƙwallon a bayan layin ya ci maki da kansa sai ya miƙa wa Max Ojomoh, ɗan wancan Steve ɗin. Mutum mai shekara saba'in da wani abu yana wurga ƙwallon da babu ita a bakin kogi, masu yawon buɗe ido suna kauce masa.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda suke cefane. Mu mun saba da ƙwallon ƙafa, inda mai kuɗi ke zuba jaka ya kwashi wanda ya ga dama. A gasar zari-ruga ta Ingila akwai iyaka: albashin 'yan wasan ƙungiya kada ya wuce fam miliyan 6.4 a shekara, sai ɗan wasa ɗaya tak da aka yarda a cire daga lissafi. Ba wasa ake da dokar ba, don Saracens da ta karya ta sai da aka ci ta tara, aka kuma mayar da ita rukuni na biyu a 2020. Kuma sun ga aya: a kaka guda ƙungiyoyi uku, Worcester da Wasps da London Irish, suka durƙushe saboda bashi, gasar ta koma ƙungiya goma. Saboda haka mai Bath a lokacin, attajiri Bruce Craig, ko nawa gare shi ba zai iya saye yadda yake so ba. Inda kuɗinsa ke aiki shi ne masu horarwa da wurin atisaye, wani katafaren tsohon gidan sarauta da ake kira Farleigh House a wajen gari.

Don kakar 2025 zuwa 2026 sun ɗauko mutum uku da kowa ke magana a kansu. Biyu daga Gloucester, abin da ya sa dattijon dariyar mugunta: Santi Carreras ɗan Ajantina, wanda zai iya tsaron baya kuma ya riƙe ragamar wasa idan Russell ba ya nan, da Chris Harris ɗan Scotland, tsohon hannu mai iya tare. Na ukun shi ne Henry Arundell, yaro mai gudu kamar barewa, wanda ya dangwara sau biyar a wasa ɗaya da Chile a gasar duniya ta 2023. Rushewar London Irish ce ta kai shi Racing 92 a Faransa, kuma Ingila ba ta kiran ɗan wasan da ke wasa a waje, don haka dawowarsa gida ba abin mamaki ba ne. A Bath ma ya yi makaranta.

Ɗan yayata ya ce ai ƙungiyar da ta ci kofi uku ba ta buƙatar kowa, haɗama ce. Ni a nan na bar shi, na koma bayan dattijo. Ko ni da ban san wasan ba na gane lissafin. Wasa ne da ke karya mutane, ba a gama kaka da waɗanda aka fara da su. Sannan duk ɗan wasan da ya yi fice ƙasarsa za ta ɗauke shi a watan Nuwamba, ta sake ɗaukarsa a Fabrairu da Maris. Russell da Will Stuart ma ba su daɗe da dawowa daga Ostireliya ba, inda suka buga wa Lions, haɗaɗɗiyar tawagar Birtaniya da Ireland, jikinsu na buƙatar hutu. Wanda ya sayi Carreras ya yi tunanin ranar da Russell ke Edinburgh ne. Van Graan kuma, in ji dattijon, mutum ne mai juya 'yan wasa, wanda ke benci yau shi zai fara gobe, shi ya sa ba a cika jin gunaguni ba.

Na tambaye shi ko za su sake ci. Ya ce gasar gida yana da ƙwarin gwiwa. Babban kofin Turai ne ke hana shi barci, domin bara tun a rukuni aka fitar da su, shi ya sa ma suka faɗa ƙaramin da suka ci. Can kuwa akwai Toulouse da Bordeaux, waɗanda dokar ƙasarsu ta ba su damar kashe kuɗi fiye da na Ingila. Sai kuma wani tsoro na kusa: Lee Blackett, kocin da ke tsara musu kai hari, Ingila ta are shi zuwa Ajantina a watan Yuli, kuma ya yi musu aiki mai kyau. Ya ce abin aro idan ya yi daɗi ba ya dawowa.

Kafin mu rabu ya zagaya da mu muka leƙa filin ta ƙofa. Bai kai yadda na zata ba, mutum dubu goma sha huɗu da ɗoriya yake ɗauka, ɗaya rumfar ma ta wucin gadi ce, ƙarafa aka harhaɗa. A lokacin ƙungiyar ta shafe shekara da shekaru tana neman izinin gina mai cin mutum 18,000, wasu mutanen gari suna cewa za a ɓata musu fuskar birnin da ke cikin wuraren tarihi na duniya tun 1987. Da na waiwaya na ga hasumiyar babbar majami'ar garin ta leƙo ta saman rumfa, ban ga laifin kowane ɓangare ba.

Muka yi Azahar da La'asar a wani ƙaramin masallaci kusa da tasha, muka ci kifi da dankali a tsaye, yaron ya hau jirginsa na yamma, ni na hau na gabas. Ina Kano cikin watan Satumba saƙonsa ya shigo wayata: "Kawu, Ingila ta ɗauke Blackett gaba ɗaya. Ka yi wa tsohonka jaje."