Godiya ga duk wanda ya sa hannu jirgin marigayi Yaya ya koma ruwa

Assalamu alaikum warahmatullah.

Alhamdu lillahi, ranar Asabar da ta wuce jirgin marigayi Yayanmu ya koma ruwa a Dadin Kowa, kuma babban ɗansa ne ke riƙe da shi. Na rubuta wannan ne a madadin mahaifiyarmu Inna, da matar marigayin, da yaran da ya bari. Mutanen da suka tsaya mana sun fi ƙarfin in bi su gida-gida, wasu ma sun roƙe ni kada in ambaci sunansu. Na ji na kuma bi, amma aikin da kowa ya yi sai na faɗa, ko don yaran su taso sun san waɗanda suka share musu hawaye.

Yaya yana yaro aka gama wannan dam a 1984, aka tare kogin Gongola, ruwa ya taru ya zama abin da muke gani yau. Ya taso a bakinsa, su ya zama sana'arsa, da shi ya yi aure, da shi ya biya mini kuɗin makaranta har na zama malami. Da Allah ya karɓi abinsa, aka jawo jirgin aka kife ƙarƙashin tsamiyar bayan gida, amalanken ƙarfen da ake ɗora shi kuma aka jingine a gefe. Damina ta doke su, hunturu ya busar, gara ta samu wurin zama. Jirgin katako ba ya son zaman tudu. In ya bushe katakan sai su tsuke, haɗin da ke tsakaninsu ya buɗe, har mutum yana hango haske ta ƙasansa. Akwai wanda ya zo ya taya shi a kuɗin itacen girki, Inna ta ce muddin tana numfashi ba za a hura wuta da jirgin ɗanta ba. Sabon jirgi kuwa, da albashin malamin firamare, ko kusa.

Godiyata ta farko ga Baba kafinta, tsohon da ke ƙera jirage a bakin dam. Ya zo bai yi maganar kuɗi ba. Ƙaramar guduma ya ɗauko da wuƙa, ya bi jirgin katako bayan katako yana ƙwanƙwasawa yana kasa kunne. Inda amon ya mutu sai ya soka bakin wuƙar, in ta nutse ya zana da gawayi. Da ya gama ya ce mini, "Malam, jirgin nan da sauransa. Ƙasansa ne ya ruɓe, sai wasu daga cikin haƙarƙarin. Kada ka sayi abin da ba a nema ba." Wannan maganar ita ta rage mana fiye da rabin kuɗin da nake tsoro. Ya ƙulla mini awo a jikin igiya, ya ce in nemi madaci busasshe, domin ɗanye zai tsuke daga baya ya buɗe mana sabuwar kafa. A kasuwar katako ta Gombe wani bawan Allah, da ya ji ko na wane ne, ya shiga bayan rumfarsa ya tono mana ragowar yanka da suka daɗe a ajiye, ya karɓi abin da muka iya bayarwa. Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Wuri ɗaya Baba ya hana a yi tsimi, wato ƙusa. Ya ce sai wadda ba ta tsatsa, ko da ta fi tsada, don ta yau da kullum tana cinyewa a cikin katako ba tare da kowa ya gani ba.

Ranar toshe haɗin ce ta fi tsaya mini a rai. Aka narka kwalta a rabin duro, matan gida suka tattaro tsofaffin zannuwa aka yayyaga sirara. Baba ya ware na roba ya ajiye gefe, ya ce auduga kaɗai ke shan ruwa ta kumbura ta matse tsaga. Yana murɗa tsumman, ya cusa da wani ɗan ƙarfe mai faɗin baki, ya buga a hankali, sannan ya bi da kwalta mai zafi. Can sai ya jawo ɗan Yaya ya zaunar da shi, ya miƙa masa gudumar ya ce, "Ɗana, buga. Ka cika ƙarfi ka tsaga katako, ka yi sanyin hannu ruwa ya same ka a tsakiyar dam." Hayaƙi yana sa idon tsohon nan hawaye, amma bai tashi ba sai da aka kira la'asar. Wasu sun ba da shawarar a shafe cikin jirgin da baƙin mai saboda gara. Ya ƙi, ya ce warinsa yana kama kifi, kuma ruwan nan mutane da dabbobi ke sha. Na ga gaskiyarsa. Baba, ladan aikin da ka karɓa bai kai na goro ba, kuma ka koya wa maraya sana'a a kai. Allah ya sa ka gama lafiya.

Injin, Yamaha ne mai ƙarfin doki 15, yana naɗe cikin buhu a ɗakin Inna tun ranar da aka sauke shi. Bakaniken da ya duba shi abokin Yaya ne na ƙuruciya. Tsohon fetur ya daskare a kafireta kamar danƙo, ya kwance ta ya wanke, ya canza fulogi, ya juye man giyar da ya yi fari saboda ruwan da ya shiga. Robar famfon da ke jawo ruwa yana sanyaya injin ta bushe ta tsattsage, ita ce kaɗai ya ce dole a sayi sabuwa. A cikin duro cike da ruwa ya tayar da shi, ya nuna wa yaron ɗan siririn ruwan da ke tsartuwa ta baya, ya ce duk ranar da bai ga wannan ba ya kashe inji nan take. Ya rubuta masa awon haɗi a kwali, rabin lita na man inji ga lita 25 na fetur. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kowa ya san yadda fetur ya zama, don haka ya shawarce shi ya bar inji sai tafiya mai nisa ko in iska ta taso, aikin kusa kuma filafili ya ishe shi. Ko sisi bai karɓa ba. Da na matsa sai ya juya baya yana goge ido. Yallaɓai, Allah ya bar zumunci.

Wanda ba na nan ba zai iya cewa mene ne amfanin amalanke ga jirgi. Ruwan dam yana cika a ƙarshen damina, da rani kuma ana sakinsa don noman rani da wutar lantarki, zafi ma yana shan nasa, sai gaɓa ta ja baya da nisa. Ga gidanmu ba a bakin ruwa yake ba. Amalanken nan tsatsa ta ci gatarinsa, boris ya ƙame, tayoyi sun zama tarihi. Mai waldarmu ya ɗauke ni a babur muka je wajen 'yan gwangwan, ya zaɓo gatarin wata tsohuwar mota da wilinsa, suka sayar mana a kan kilo. Ya yanke ƙarfen da ya ruɓe ya ɗaura wani, ya kankare sauran aka shafa jan fenti. Boris dai ya ce sabo za a sa a cika shi da giris. Ya ƙara sarƙa a wajen maƙalawa ko da ƙugiyar za ta kuɓuce, ya manna abin ƙyalli a baya saboda manyan motocin hanyar Gombe zuwa Biu. Mai faci ya ba mu tayoyi na hannu masu sauran ƙwari, ya kuma yanka matattun aka shimfiɗa inda cikin jirgin ke kwanciya. Ku duka, Allah ya yi wa sana'arku albarka.

Kuɗin da aka kashe, kaɗan ne nawa a ciki. Matar Yaya ta ɗauki adashinta gaba ɗaya ta zuba, ta ƙara da tunkiyar da take kiwo. Malaman makarantarmu sun yi karo-karo ban sani ba, sai ambulan na gani a aljihun tebur. Goggo ba ta taɓa barin masu aiki da yunwa ba, yau ɗanwake, gobe fura da nono. Maƙwabcinmu ya ba da shanunsa na huɗa suka ja amalanken har bakin ruwa. Wani tsohon ɗalibina da ke aiki a Bauchi ya aiko da rigunan kariya biyu, kuma wannan kyauta ita ta sa Inna ta samu barci.

Ina miƙa godiya ta musamman ga Sarkin ruwa da dattawan masunta. Sun ba yaron wurin ɗaure jirgi inda mahaifinsa yake ɗaurewa, suka haɗa shi da babba da zai riƙa fita tare da shi har hannunsa ya faɗa. Ranka ya daɗe, na ji gargaɗin da ka yi masa kuma zan riƙa tuna masa: ya san wuraren da dorina ke kwana ya ba su nisa, balle mai ɗa, in hadari ya haɗo ya nemi gaɓa, kada ya tsaya jan raga, kuma kada ya taɓa raga mai ƙananan ido, don ita ke kwashe 'ya'yan kifi.

Kafin ranar Asabar sai da aka bar jirgin ya kwana biyu a ruwa mara zurfi, katakan suka sha suka kumbura, yoyon da ya rage ya ɗauke. Liman ya yi addu'a, aka tura. Da hantsi suka dawo da karfasa da 'yan tarwaɗa, ba masu yawa ba, Inna ta ce kada a sayar da ko ɗaya, a raba wa maƙwabta sadaka Allah ya kai ladan kabarin Yaya. Allah ya jiƙansa, ya jiƙan iyayenku da suka riga mu, ya saka wa kowannenku da mafificin alheri.

Saura fentin waje da sabuwar raga, waɗannan mun bar wa jirgin ya saya wa kansa. Amalanken kuma iyali sun amince ya zama na kowa. Duk masuncin da ke son kai jirginsa gyara ko sauya masa gaɓa, ya yi wa Baba kafinta magana a bakin dam. Ba a biyan komai, sai dai in an tsoma tayoyin a ruwa a ƙara wa boris giris kafin a dawo da shi.